Daga Kafaɗa Zuwa Aljihu: Tarihin Kyamarar Bidiyo ta Gida

A shekarar 1983 kamfanin Sony na ƙasar Japan ya shigo kasuwa da wata na'ura mai suna Betamovie, kyamarar bidiyo ta farko da aka ƙera wa mutanen gida wadda rikodarta ke haɗe a jikinta. Nauyinta ya kai wajen kilo biyu da rabi, a kafaɗa ake saɓa ta. Tana da wani aibi da yaron yau zai ji ya tuntsire da dariya: tana ɗauka, amma ba ta nunawa. Mutum zai wuni yana bin 'yan biki da ita, bai san ko fuskoki ya kama ko ƙeya ba, sai ya koma gida ya zare kaset ya zura a bidiyon da ke ƙarƙashin talabijin. In an yi rashin sa'a hoton ya lalace, to taro dai ya riga ya watse. Duk da haka mutane sun sa kuɗinsu sun saya, domin sun san wahalar da suka baro.

Kafin wannan lokaci, mai son adana motsin iyalinsa sai dai ya nemi fim irin na majigi. Kamfanin Kodak na Amurka ya fitar da fim mai faɗin milimita 8 a 1932, ya inganta shi zuwa Super 8 a 1965. Ƙunshin Super 8 ɗaya bai wuce minti uku da 'yan daƙiƙai ba, galibi babu sauti, kuma in ya ƙare sai an aika da shi wajen wanki a jira kwanaki, sannan a rufe tagogi a kafa majigi a haska a bango. Tsadar kowace daƙiƙa ta sa mai ɗauka ba ya danna maɓalli sai ya tabbata abin da ke gabansa ya cancanta. Da irin wannan kyamara, ƙirar Bell & Howell, wani mai kamfanin ɗinkin tufafin mata, Abraham Zapruder, ya ɗauki harbin da aka yi wa Shugaba John Kennedy a birnin Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963. Daƙiƙa 26 ne kacal, babu murya, hoton kuma dishi-dishi. Mujallar Life ta saye shi kan dala 150,000, sannan a 1999 aka yanke wa gwamnatin Amurka ta biya magadansa dala miliyan 16 domin ta riƙe asalin fim ɗin.

Shi kuwa bidiyo, wato hoton da ake naɗa a zare mai maganaɗisu ba tare da wanki ba, da farko kayan gidajen talabijin ne zalla. Na'urar da kamfanin Ampex na Kalifoniya ya nuna a 1956 ta kai girman babbar durowa, zarenta faɗin inci biyu, kuɗinta dala 50,000. A 1967 Sony ya fito da Portapak: kyamara a hannu, rikoda rataye a kafaɗa, waya tsakaninsu, hoto baƙi da fari na minti 20. Sau da yawa mutum biyu ke aikin, ɗaya na ɗauka ɗaya na dakon kaya. Sai kaset ya zo. Sony ya fitar da Betamax a 1975, JVC ya biyo shi da VHS a 1976, aka shiga kokawar da ta ɗauki fiye da shekara goma.

Wannan kokawa ita ce mabuɗin labarin baki ɗaya. Masana da dama sun yarda hoton Betamax ya ɗan ɗara na VHS kyau, amma kaset ɗinsa na farko awa ɗaya yake ci, na VHS kuwa awa biyu, ya ishi fim guda ko wasan ƙwallo. JVC kuma ya bar wasu kamfanoni su ƙera na'urarsa, farashi ya sauko, shagunan hayar kaset suka cika da VHS. Mai saye bai tsaya ƙirga layukan hoto ba. Ya duba abin da aljihunsa zai iya da abin da maƙwabcinsa ke da shi. A 1988 Sony da kansa ya soma ƙera na'urar VHS.

A ɓangaren kyamara ma JVC bai ɓata lokaci ba. A 1984 ya fitar da GR-C1, 'yar ja mai ƙaramin kaset na minti 20 zuwa 30, wadda ke iya nuna wa mai ita abin da ya ɗauka nan take. Ita ce ke hannun yaron nan Marty a fim ɗin Back to the Future na 1985. A wannan shekarar Sony ya rama da Handycam mai zaren milimita 8, su Panasonic kuma suka fito da manyan kyamarori masu cin cikakken kaset na VHS, irin waɗanda daga baya suka zama alamar mai ɗaukar biki a ƙasashenmu. Kafin 1989 ta ƙare, Sony na tallar wata Handycam da ya ce girmanta bai wuce na fasfo ba.

Abin da araha ta fara kashewa shi ne tsantseni. Mutumin da a da yake lissafin minti uku yanzu yana da awa uku, kuma in bai so ba ya goge ya sake. Gidaje suka cika da kaset-kaset na jariri yana barci, na bango, na ƙafar mai ɗauka da ya manta bai kashe na'ura ba. A cikin wannan tarin shirgi akan dace da abin dariya, har gidan talabijin na ABC a Amurka ya gina shiri sukutum a kansa, America's Funniest Home Videos, wanda ya fara a ƙarshen 1989 da dabarar da aka aro daga wani shirin Japan.

Akan kuma dace da abin da ba na dariya ba. Bayan tsakar daren 3 ga Maris 1991, ƙarar jiniya da jirgi mai saukar ungulu ta tashi wani mai aikin famfo, George Holliday, a gidansa da ke Lake View Terrace a birnin Los Anjeles. Ya ɗauko sabuwar Handycam ɗinsa ya fito baranda, ya ɗauki 'yan sanda suna jibgar wani baƙar fata mai suna Rodney King da kulake yana kwance a ƙasa. Gidan talabijin na KTLA ya ba shi dala 500, cikin 'yan kwanaki duniya ta gani. Baƙaƙen fatar Amurka sun daɗe suna kuka da irin wannan duka ana ƙaryata su. Wannan karon ga shi a talabijin.

Sai dai abin da ya faru a kotu ya nuna iyakar hoto. Daƙiƙan farko na kaset ɗin sun yi hazo domin kyamarar ba ta gama saituwa ba, gidajen talabijin da yawa suka yanke su, alhali a nan ne ake ganin King ya yunƙura ya nufi wajen wani ɗan sanda. Lauyoyin 'yan sandan suka kama wannan wuri, suka riƙa tsayar da kaset hoto bayan hoto, suna ba kowane motsin hannu da ƙafa fassarar da ta dace da su, har duka ya koma kamar darasin horon aiki. Ranar 29 ga Afrilu 1992 aka wanke 'yan sanda huɗun da aka gurfanar daga kusan dukkan tuhumar. Birnin ya kama da wuta na kwana shida, mutum fiye da 60 suka mutu, aka yi asarar dukiya ta kimanin dala biliyan ɗaya. Sai a shari'ar tarayya ta 1993 aka ɗaure biyu daga cikinsu. A shekarar tarzomar ce mawaƙin Ingila Peter Gabriel ya jagoranci kafa ƙungiyar WITNESS, wadda aikinta shi ne sanya kyamarori a hannun masu kare haƙƙin ɗan Adam.

A daidai waɗannan shekaru, wannan na'ura da aka ƙera domin bikin zagayowar haihuwar yara a Tokiyo da Landan tana haifar da sana'a sabuwa ful a Afirka ta Yamma. Fim na majigi ya yi tsadar da ba a iya taɓawa, musamman bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira. Ɗanyen fim daga waje ake saye, wanki ma sau da yawa sai an kai Turai. Finafinan Hausa irin su Shehu Umar na Adamu Halilu, wanda ya fito a 1976, ba aikin da ƙungiyar matasan unguwa za ta iya ba ne. A Gana, William Akuffo ya ɗauki Zinabu da kyamarar VHS a 1987, ya haska shi a gidan kallo a Akara, jama'a suka yi dafifi. A Kano, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, Salisu Galadanci ya ba da umarni, kuma shi ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka kai kasuwa. Living in Bondage na Kenneth Nnebue, wanda ake cewa shi ya buɗe kasuwar Legas da Onica, sai a 1992 ya fito. Hatta a suna Kano ce gaba: Sunusi Shehu Daneji ya riga ya rubuta Kannywood a mujallar Tauraruwa a ƙarshen shekarun 1990, kafin jaridar New York Times ta yaɗa kalmar Nollywood a 2002.

Yana da kyau a tsaya a dubi yadda ake tace fim a wancan zamani, domin a nan ne illar VHS take. Bidiyo biyu ake jerawa, a haɗa su da waya, ɗaya na kunna kaset ɗin da aka ɗauko daga lokeshin, ɗaya na naɗa. Mai tacewa yana zaune gaban talabijin, yatsa a kan maɓallin dakatarwa. Ya nemo farkon fitowa, ya saki wannan ya saki wancan a lokaci guda, in fitowar ta ƙare ya danne. In hannunsa ya makara da rabin daƙiƙa, muryar darakta ta shiga fim. In kuma daga baya aka ga wata fitowa a tsakiya ba ta yi ba, babu halin zare ta a sa wata mai tsawo daban, sai dai a sake duk abin da ya biyo bayanta. Abin da aka gama haɗawa ya riga ya zama kwafi na biyu. Daga shi ake yin wanda za a ba 'yan kasuwa, su kuma su jera bidiyoyi da dama suna buga na sayarwa a Ƙofar Wambai da Bata, masu satar fasaha su sake kwafa daga wannan. Kowane kwafi yana cin wani abu daga hoton. Ja yakan malala ya wuce gefen riga, fuska ta dushe, saman hoto ya riƙa karkacewa, sauti ya shaƙe. Brian Larkin, Baturen da ya yi bincike a Kano, ya ba wannan dusashewa babi guda a littafinsa Signal and Noise na 2008.

Amma wa ya fasa kallo? Gimbiya Fatima, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, har zuwa Sangaya a 1999 da Wasila a 2000, duk a kan irin wannan kaset suka shiga ɗakunan matan aure daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram, zuwa zangon Kumasi da unguwannin Hausawa a Sudan. Matar da al'ada ta hana ta zuwa sinima, sinima ta same ta a kan tabarmarta, da harshenta. Ba ta taɓa cewa a mayar da kaset domin layukan hotonsa 240 ne kawai ba.

Kusa da masu fim akwai 'yan uwansu da ba a cika rubuta tarihinsu ba, masu ɗaukar biki da suna da saukar karatu da naɗin sarauta. Kowa ya san siffarsu: Panasonic a kafaɗa, ido ɗaya a rufe, yaro na biye da fitila mai zafin tsiya a kan sanda, wani na jan doguwar waya zuwa janareto. Fitilar na sauka a fuskar amarya, hoda ta fara narkewa, ƙawaye su gyara ɗaurin ɗankwali, tsofaffi su ja mayafi. Bayan mako guda a kawo kaset da sunayen ango da amarya suna yawo cikin furanni, an ɗora waƙa a kai. Gidaje da yawa ba su da wata ajiya ta muryar kaka ko tafiyar mahaifi in ba a irin wannan kaset ba.

Shekarar 1995 ta kawo canji mafi girma a tarihin na'urar, kuma ba a ƙarin kyan hoto kaɗai yake ba. Manyan kamfanonin suka shigo kasuwa da tsari guda mai suna DV, kaset ɗan mitsitsi da ke adana hoto a matsayin lambobi. Sony DCR-VX1000 ta zama zakaran gwajin dafi. Ta wata waya da ake kira FireWire ake zuba hoton cikin kwamfuta, awa guda ta ci wajen gigabait 13, a yanka a liƙa a sauya wuri yadda aka ga dama, kwafi na goma kuma daidai yake da na farko. A 1998 Thomas Vinterberg na Denmak ya ci lambar alƙalai a bikin finafinai na Cannes da Festen, wanda aka ɗauka da 'yar ƙaramar kyamarar Sony ta gida. Shekara guda bayan haka The Blair Witch Project, da aka ɗauki yawancinsa da kyamarar Hi8 mai rawa da hazo, ya tara kusan dala miliyan 250. A Kano ma kwamfuta ta kori bidiyo biyu daga ɗakin tacewa, waƙoƙin da ake bugawa da fiyano ƙirar Yamaha suka sami wurin zama daram a tsakiyar fim.

Sai babban alkawari ya iso, hoto tangaran da ake kira HD. Injiniyoyin gidan talabijin na NHK a Japan sun soma bincikensa tun bayan wasannin Olamfik na Tokiyo a 1964, amma sai a 2003 kyamararsa ta sauko hannun mutanen gida, lokacin da JVC ya fitar da GR-HD1 a kan kimanin dala 3,500. A wannan shekarar Canon da Sharp da Sony da JVC suka haɗu a kan tsarin HDV, wanda ke cusa hoton HD a cikin kaset ɗin DV da aka saba da shi. Sony ya fitar da HDR-FX1 a 2004, sai ƙaramar HDR-HC1 a 2005 a kan kusan dala 2,000. A 2006 Sony da Panasonic suka kawo AVCHD, wanda ya sallami kaset, ya koma naɗa a faifai da rumbun ajiya da katin memori.

Amfanin a bayyane yake, kuma lissafinsa mai sauƙi ne. Hoton talabijin irin namu na da yana da ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, jimla 414,720. Cikakken HD yana da 1920 da 1080, wato 2,073,600, ninki biyar cif. Aikin zare a wuyan babbar riga yana fitowa ɗinki-ɗinki, zanen lalle a hannun amarya ba ya cakuɗewa, ana iya karanta rubutun allo daga nesa. Hoton ya yi faɗi daidai da sababbin talabijin na bango. Da aka koma kati kuwa, babu sauran jiran kaset ya koma baya, babu tsoron a naɗa sabon biki a kan tsohon, babu ƙugin injin zare da makirufo ke kwasa. Ƙananan gidajen talabijin da masu shirya finafinan gaskiya sun sami hoton da 'yan shekaru kaɗan baya sai mai miliyoyi.

Illolin kuwa ba a rubuta su a jikin kwali ba. Na farko, duhu. Farantin da ke karɓar haske a cikin ƙaramar kyamara bai kai farcen ɗan yatsa ba, kuma da aka raba shi gida miliyan biyu maimakon dubu ɗari huɗu, sai kowane gida ya ƙanƙance, hasken da yake samu ya ragu. A rana tsaka hoto garau, amma da an shiga ɗakin amarya da magariba, ko wajen kamu da dare ƙarƙashin ƙwan fitila ɗaya, sai ya cika da tsaki-tsaki, har wata tsohuwar kyamarar DV mai faranti uku ta fi shi kyan gani. Matsalar farar shadda ma tana nan inda take. Ango ya tsaya a rana cikin fararen kaya, kyamara ta ga haske ya yi yawa ta tsuke idonta, riga ta fito fes, fuska ta koma baƙi ƙirin babu ido babu hanci. Yawan ɗigo ba ya maganin wannan, sai mai ɗauka da ya san ya karɓe saitin daga hannun na'ura.

Na biyu, HD ba ta da sirri. Rawar hannun da VHS ke haɗiyewa yanzu tana sa mai kallo jiri a babban allo, kuskuren saiti kaɗan ya nuna, kuma ƙananan kyamarori masu farantin CMOS sukan karkatar da turakun wuta da gefen gini in an waiga da sauri. 'Yan fim sun ji a jikinsu: gemun roba, furfurar hoda, jinin tumatir, bangon kwali, duk abin da hazo ke rufa wa asiri ya fito fili, dole kuɗin kwalliya da na fitilu su ƙaru. Sauti kuma, wanda shi ne rabin fim, bai ƙaru da komai ba. Makirufon da ke manne a jikin kyamara iska yake ji da janareto da hirar wanda ya fi kusa, ko hoton ɗigo nawa ne.

Na uku shi ne wanda ya fi ba masu sana'a ciwon kai. Domin hoto mai yawa ya shiga wuri kaɗan, sai an matse shi. HDV ba ya adana kowane hoto cikakke, yana adana ɗaya ne sannan ya rubuta bambancin waɗanda suka biyo baya, saboda haka ƙwayar ƙura ɗaya a kan zare tana iya cinye rabin daƙiƙa, wataƙila daidai lokacin da waliyyi ke cewa ya bayar. AVCHD ya fi matsuwa, kwamfutocin wancan lokaci suka riƙa sandarewa a kansa, mai tacewa ya kwana yana jiran aikin da wutar lantarki za ta iya katsewa a minti na ƙarshe. In an gama kuma, a ina za a kalla? Faifan Blu-ray da HD DVD suna can suna tasu kokawar har sai da Toshiba ya janye a Fabrairun 2008, kuma ko bayan nan Blu-ray bai taɓa zama kayan kowa ba a kasuwanninmu. Abin da ke gidajen mutane a lokacin DVD ne da VCD. Hoton VCD ɗigo 352 ne da 288, kusan kashi ɗaya cikin ashirin na cikakken HD. An sha ɗaukar biki da kyamara mai tsada, a matse shi a faifan naira hamsin, a kalla a talabijin mai ƙusumbi.

Kafin a warware waɗannan matsaloli, ƙasa ta riga ta zame a ƙarƙashin kyamarar kanta. A 2007 wani ƙaramin kamfani a San Faransisko, Pure Digital, ya fitar da Flip, 'yar kyamara mai jan maɓalli ɗaya da ake sokawa kai tsaye a kwamfuta. Hotonta bai kama ƙafar na Sony ba, amma tana shiga aljihu, kuma YouTube da aka buɗe a 2005 yana jiran abin da za a zuba masa. Ta yi kasuwa har kamfanin Cisco ya saye ta a 2009 kan dala miliyan 590. A Afrilun 2011, shekara biyu kacal, Cisco ya rufe sashen baki ɗaya. Dalili yana aljihun kowa: iPhone 4 ta 2010 tana ɗaukar HD, kuma ita ba a mantawa da ita a gida. Ta sama kuma Canon 5D Mark II ta 2008, kyamarar hoton kati mai babban faranti, ta janye masu sana'a, domin tana gani a duhu tana kuma narkar da bayan mutum irin na sinima. A 2010 da ita aka ɗauki kashin ƙarshe na zango na shida na shirin House a Amurka. Kyamarar iyali ta tsinci kanta a tsakiya, ta fi waya nauyi, ba ta kai Canon kyau ba.

Ba ta mutu gaba ɗaya ba. Har yau ita ce ta fi dacewa da wa'azi ko lacca ko taron awa uku, domin ba ta zafi ta ɗauke, batirinta na jurewa, gilashinta na zuƙo mai magana daga ƙarshen fili ba tare da hoto ya farfashe ba, kuma kira ba ya shigowa ya katse ɗauka. Amma aikin da Holliday ya yi a 1991, wata yarinya 'yar shekara 17 da waya ta yi shi a Miniyapolis ranar 25 ga Mayu 2020, lokacin da ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd. A wannan karon tun a shari'ar farko kotu ta ɗaure ɗan sandan.

Finafinan Hausa sun ci ribar HD ne a makare, lokacin da wurin nuna shi ya samu. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, da shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Labarina, da Izzar So a YouTube, su suka sa kyan hoto ya zama abin da ake biya dominsa. Kasuwar faifai kuwa ta durƙushe, ta bar dillalan da suka yi arziki da ita suna neman wata sana'a. Sauƙin ɗauka da yaɗawa ya zo da nasa tabon. Kano ba ta manta da 2007 ba, lokacin da wani bidiyon sirri da aka ɗauka da waya ya bazu daga hannu zuwa hannu, ya jawo wa masana'antar dakatarwa da tsauraran dokokin hukumar tace finafinai. Kaset ɗin biki na da a ɗakin uwar amarya yake kwana, sai wanda aka yarda da shi ke gani. Na yau kafin a kai amarya ya isa wayar wanda ba a gayyata ba.

Saura maganar ajiya, wadda a ganin mai wannan rubutu ita ce babbar asarar da aka tafka a sauyin nan. Kaset abu ne da ake gani, ana rubuta suna a bayansa, a jefa a akwati ya shekara ashirin. In ya fara lalacewa, a hankali yake yi, hoto ya dushe amma a gane mutane. Katin memori kuwa mai ɗauka yana juye shi ya goge domin bikin gobe, faifan da ya ba masu biki ya karce cikin 'yan shekaru, rumbun kwamfutarsa ya faɗi ƙasa sau ɗaya komai ya tafi. Abin da ke waya yana tafiya tare da ita ranar da aka sace ta ko ta faɗa ruwa. Ba abin mamaki ba ne a sami gidan da ke da bikin 1994 a kaset amma ba shi da na 2012.

Su ma kaset ɗin kwanansu ya kusa ƙarewa. Zafi da laima da ƙurar hunturu suna cin zare, fumfuna na kama shi, wani ya manne ya tsinke a juyin farko. Abin da ya fi wannan tsanani shi ne na'urar kunnawa. Sony ya daina sayar da kaset ɗin Betamax a Maris 2016, kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da aka sani yana ƙera bidiyon VHS, ya tsayar da aikin a Yulin wannan shekarar. Hukumar adana fim da sauti ta Ostareliya ta yi gargaɗi tun 2015 cewa kaset ɗin da ba a juye ba kafin 2025 yana iya salwanta har abada, UNESCO ma ta ƙaddamar da nata shirin faɗakarwa a 2019. Wa'adin ya zo. Finafinan Kano na shekarun 1990 da yawa sai an sha wuya kafin a sami kwafi mai kyau, balle bukukuwa da wa'azozi da hawan salla da ke hannun ɗaiɗaikun mutane. Duk wanda ke da irin waɗannan kaset a akwati ko saman durowa, kada ya zura su a tsohon bidiyon da ya shekara goma ba a kunna ba, domin yana iya tauna zaren. Ya nemi mai gyara ko ɗakin tace bidiyo da har yanzu ke da na'ura mai lafiya, a juye masa su zuwa kwamfuta, ya ajiye kwafi biyu a wurare daban, ya rubuta sunayen mutanen da ke ciki tun masu gane su suna raye.